Kafin ka biya kuɗin ɗaki a Legas

Ɗana, na ji ka ɗaura niyyar bin motar albasa zuwa Legas, har kana maganar kama ɗakin kanka. Allah ya sa a je a sa'a. Amma ka ba ni aron kunnenka, don gidan bakin teku ba irin namu na Gwandu ba ne.

Mu nan in za a duba gida, rufi ake kallo da inuwa. Can kuwa ƙasa za ka fara kallo. Legas tana kwance ne tsakanin teku da tafki, wasu unguwannin ma fadama aka cike aka yi gini a kai, shi ya sa ruwan Yuni da Yuli ba ya samun wurin gudu. Ɗakin da ka gani fes da rani, da damina sai ka ga katifarka tana iyo. In ka shiga, ka tsuguna ka duba gindin bango. Idan akwai wani zane ruwan ƙasa da ya kewaye ɗakin, ko sabon fenti a ƙasan bango kaɗai, to iya nan ruwa ya kai bara. Dokin ƙofar da aka ɗaga da bulo, shi ma labari yake ba ka. Ka fito ka leƙa kwata, sannan ka zauna wajen mai shayin bakin layi ka tambaye shi, shi babu abin da zai ci in ya ɓoye maka. Ka kuma ɗanɗana ruwan rijiyar gidan. Kusa da teku yakan yi zartsi, sai ka koma sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa kullum, alhali ba ka sa wannan a lissafinka ba.

Sai batun kuɗi. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, in ban da a Apapa, Ikoyi, Victoria Island da GRA ta Ikeja. Duk da haka za ka ji mai cewa sai shekara biyu, ga kuɗin ejan, ga na takardar yarjejeniya. Kada ka miƙa wa ejan ko sisin haya sai ka ga mai gidan ido da ido, ya ba ka rasit da sunanka. An sha karɓar kuɗin mutane da yawa a kan ɗaki guda, a nemi ejan a rasa.

Ni dai abin da na fi so, ka fara sauka wajen mutanenmu a Agege ko kusa da kasuwar Mile 12, ka kai gaisuwa ga Sarkin Hausawan unguwar, ka bar su su nuna maka gidan da suka san mai shi. Zaman raɓe na 'yan makonni ba abin kunya ba ne ga baƙo. Iyalinka kuwa, ka bar su nan wajenmu tukuna, sai ka ga yadda ɗakin ya yi da damina ɗaya sannan ka aiko a kawo su.