Ƙarfin Jiki a Lokacin Tsufa

Daga cikin kyawawan al'adun ƙasar nan akwai girmama na gaba. Yaro mai tarbiyya ba ya ganin dattijo ɗauke da kaya ya wuce bai karɓa ba. Ɗa na gari kuwa, da zarar Allah ya hore masa, abin da yakan fara yi shi ne ya raba mahaifinsa da fartanya, ya raba mahaifiyarsa da taɓarya, ya ce su zauna su huta. Wannan hali abin yabo ne, kuma ba wanda yake so a bar shi. Amma binciken likitoci ya nuna cewa hutun da ya wuce kima, watau zama wuri ɗaya tun safe har dare, yana cinye ƙarfin tsoho fiye da yadda shekaru kaɗai za su cinye shi. Manufar wannan takarda ita ce a bayyana wa jama'a yadda haka take faruwa, da hanyar da dattijo zai bi ya riƙe ƙarfinsa, har ma ya ƙara.

Garin Jiwa ya isa misali. Tsohon gari ne mai sarauta, wanda a da yake cikin ƙasar Sarkin Abuja, watau Suleja ta yanzu, yau kuwa yana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, kusa da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei. Kafin a kafa Babban Birnin Tarayya a 1976, yawancin mutanen wannan yanki manoma ne. Namiji yana tada kunyar doya da garma, yana saran daji, yana ɗauko dammunan dawa zuwa rumbu. Mace tana daka, tana niƙa a dutse, tana ɗebo ruwa da itace, kuma matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, sun shahara da ɗaukar kaya a kafaɗa maimakon a ka. Ba wanda yake kiran wannan motsa jiki a lokacin, wahalar neman abinci ce kawai, amma ita ce take riƙe da ƙarfin mutum har ya yi furfura.

Tun daga ranar 12 ga Disamba, 1991, da gwamnati ta taso daga Legas ta tare a Abuja, al'amura suka yi ta canzawa. Gine-gine sun ci gonaki masu yawa. Injin niƙa ya kori dutsen niƙa, rijiyar burtsatse da 'yan garuwa sun rage zuwa rafi, babur ya rage tafiyar ƙasa. Ga kuma 'yan fansho da suka zauna a waɗannan garuruwa bayan sun shekara 35 a kan kujerar ofis. Duk wannan ci gaba ne, ba mai fatan a koma wahalar da. Sai dai jiki bai san ci gaba ba, abin da ake sa shi yi kaɗai ya sani. Abin da ya sami Jiwa kuwa shi ne ya sami unguwannin Kano da Zariya da Sakkwato da sauran biranen ƙasar nan.

Yadda tsoka take raguwa

Tsoka ita ce jan naman da yake manne da ƙashi, wanda idan ya ɗage sai gaɓa ta motsa. Ita ce take ɗaga mutum daga tabarma, ita ce take tare shi idan ya yi tuntuɓe. Daga shekara 30 da haihuwa takan fara raguwa a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma, bayan shekara 60 kuma sai saurin raguwar ya ƙaru. A 1989 wani likita ɗan Amurka mai suna Irwin Rosenberg ya laƙaba wa wannan hali suna sakofiniya, kalmar da aka samo daga harshen Girka, ma'anarta ƙarancin nama.

Ba lalle ne a ga alamarta a ma'auni ba, domin sau da yawa kitse yakan cike gurbin tsokar da ta tafi, mutum yana nan da nauyinsa, har da tumbi, amma cinyoyinsa sun zube. Alamun da suka fi bayyana su ne: sai ya dafa bango ko gwiwa kafin ya miƙe, tafiyarsa ta yi nauyi, buɗe murfin kwalba ya gagare shi, hawa matakala uku ya zama aiki. Daga nan sai abin ya koma kamar zobe. Rauni ya sa shi tsoron faɗuwa, tsoro ya sa ya rage fita, rage fita ya ƙara masa rauni. Kwanciyar jinya ta fi kome saurin ɓarna. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da wasu dattawa masu ƙoshin lafiya kwana 10 a gado, da suka tashi aka tarar sun rasa kusan kilo guda na tsokar ƙafafunsu.

Babban haɗarin da ke biyo baya shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa kimanin mutum 684,000 ne suke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu tasowa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Tsohon da ya karye a ƙugu yakan daɗe a kwance, da yawa kuwa ba sa komawa tafiyarsu ta da. Har wa yau, tsoka ita ce take shanye mafi yawan sukarin da ke shiga jini bayan an ci abinci, saboda haka mai ciwon sukari da ya ƙarfafa tsokarsa ya taimaki maganin da yake sha. Jan da tsoka take yi wa ƙashi yana rage saurin zaizayewarsa, abin da ya fi damun mata bayan ɗaukewar al'ada. Cinya mai ƙarfi kuma tana rage wa gwiwa nauyi.

Akwai wani amfani da ma'auni ba ya nunawa, shi ne mutunci. Dattijon da yake iya shiga bayan gida ya tsuguna ya tashi da kansa, ya yi alwala, ya yi sujada ya miƙe, ya taka zuwa masallaci ko majami'a, ya je gaisuwar rasuwa a maƙwabta ba da ɗan jagora ba, ya san abin da ya mallaka. Maniyyaci ma ya tuna cewa kai-da-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa ya kai kimanin kilomita 3, ban da ɗawafi.

Shin ba a makara ba?

Mutane da yawa sun ɗauka cewa icen da ya bushe ba ya tanƙwaruwa, tsoho kuma ba ya ƙara ƙarfi. Likitoci ma sun daɗe da wannan zato. A 1990 Dokta Maria Fiatarone da abokan aikinta suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a wani gidan kula da tsofaffi a birnin Boston. Sun ɗauki mutum 10 masu rauni, shekarunsu daga 86 zuwa 96, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har mako 8. Mutum 9 da suka kammala, ƙarfin cinyarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin ɗari a matsakaicin lissafi, watau ya kusa ninkawa uku. A 1994 aka sake gwajin da mutum 100, ƙarfin waɗanda suka yi atisayen ya ninka fiye da sau biyu. Waɗannan ba 'yan dambe ba ne ba 'yan kokawa ba, tsofaffi ne tukuf masu cututtuka iri-iri. Amma gwajin farko ya nuna wani abu kuma: da suka daina, cikin makonni kaɗan ƙarfin ya fara komawa baya.

Bisa ga irin wannan bincike ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2020 cewa duk wanda ya kai shekara 65 ya yi aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako, ya yi atisayen daidaita tsayuwa kwana 3, ban da tafiya ko makamancinta ta minti 150 zuwa 300 a mako. A lura, tafiya tana da kyau ga zuciya, amma ita kaɗai ba ta isa gina tsoka ba. Tsoka ba ta ƙaruwa sai an ba ta nauyin da ya ɗan fi wanda ta saba.

Abin da za a yi a gida

Ba a bukatar sayen ƙarafa ko zuwa wani gidan wasa. Mafi amfani duka shi ne tashi daga kujera. A sami kujera mai ƙwari, a jingina ta da bango don kada ta zame. Mutum ya zauna, ya kafa ƙafafunsa a ƙasa, ya harɗe hannu a ƙirji, ya miƙe tsaye sosai, sa'an nan ya koma a hankali kamar mai gudun fasa ƙwai. Komawar a hankali ita ce rabin amfanin, kada a faɗa kan kujera tim. A yi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a sake. Wanda bai iya ba tukuna ya dafa gwiwa ko ya ɗora matashi ya ƙara tsawon kujerar. Idan sau 12 ya zama wasa, sai a rungume jarka mai ruwa lita 2, daga baya 4 ko 5. Ruwa yana da sauƙin lissafi, domin lita ɗaya kilo ɗaya ce.

Domin ƙirji da damatsa, a tsaya taku ɗaya daga bango, a dafa shi da tafin hannu biyu, a karkata har fuska ta kusa taɓa shi, a tura a dawo. Domin sha-raɓa, a riƙe bayan kujera a ɗaga dugadugai a sauke. A kuma riƙe gorar ruwa a kowane hannu a ɗaga zuwa kafaɗa. Daidaita tsayuwa kuwa, a tsaya kusa da bango a ɗaga ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, a canza. Duka wannan ba ya wuce minti 20, kuma mace tana iya yinsa a tsakar gida ko a ɗakinta. A bar kwana ɗaya tsakani, domin a lokacin hutu ne tsoka take ginuwa. Da sanyin safiya ya fi, musamman a watannin zafi.

Ba a gini sai da kayan gini. Masana sun ba da shawara dattijo ya sami giram 1 zuwa 1.2 na sinadarin gina jiki a kan kowane kilo na nauyinsa a rana, watau mai kilo 60 yana bukatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana ba da kimanin giram 6. Koko da safe, tuwo da miyar kuka da dare, ba za su kai ba. Abin takaici ne a ga an ba tsohuwa romo an hana ta nama don ba ta da haƙora, alhali ga alale da ƙosai da awara da kindirmo da kifi, ga ƙuliƙuli da za a daka a yi kwaɗon zogale. Amma mai ciwon ƙoda kada ya ƙara irin wannan abinci sai da izinin likita.

Mai hawan jini, da mai ciwon zuciya, da mai gwaiwa, da wanda aka yi wa aiki kwanan nan, su fara zuwa asibiti ko ɗakin shan magani mafi kusa a duba su. Kada a riƙe numfashi lokacin yunƙuri, domin yana sa jini ya hau. A fitar da numfashi yayin tashi. Tsamin jiki na kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. Amma ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi, ko zafi mai suka a gaɓa, alama ce ta a tsaya nan take a nemi likita.

Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, cibiyar kuma ta fara aiki a Abuja a 2021. Duk da haka, mafi yawan tsofaffin ƙasar nan a hannun iyalansu suke, don haka nauyin ya fi komawa kan 'ya'ya da jikoki. A karɓe musu babban kaya, amma a bar musu ƙanana: shara, ban ruwan lambu, ba akuya dusa, ɗaukar butarsu, zuwa kasuwa. Ana kuma roƙon masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin mata su karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba wannan bayani.

Kafin a fara, yana da kyau a yi ɗan gwaji. Dattijo ya tashi daga kujera sau 5 a jere ba tare da dafawa ba, wani yaro yana duba agogo, wani kuma yana tsaye kusa don tsaro. Idan abin ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15, likitoci suna ɗaukarsa alamar raunin tsoka, ya kamata a shaida wa malamin asibiti. A rubuta daƙiƙun da kwanan wata a takarda, a ajiye, a sake gwajin bayan mako 8.