Kimiyya a Hannun Yaro

'Yan'uwa, yaro ba ya koyon kimiyya da kunne kaɗai. Sai ya taɓa, ya gwada. A shekarar 2002 Carl Wieman ya kafa shirin PhET a Jami'ar Colorado ta Amurka, mai ba da gwaje-gwajen kimiyya kyauta ta intanet. Malamin firamare a Kawo ko Unguwar Rimi yana iya sauke darasin lantarki a kwamfutar ɗakin karatu, ya koyar ko babu intanet.

Amma kada mu tsaya nan. Mu ba yaranmu batir, wayar wuta da ƙwan tocila, su haɗa da kansu. In ƙwan bai kama ba, kada mu yi saurin faɗa musu dalili. Su bi wayar har su gano inda ta rabu. Abin da hannu ya gano ba ya saurin ɓacewa.