Darasi: Yadda Kifi Ya Ƙare a Tekun Kanada

 Darasinmu na wannan fitowa a kan kamun kifi ne. Mutane da yawa suna zaton kifin teku ba ya ƙarewa, tun da babu mai shuka shi, babu mai yi masa ban-ruwa. To, ku saurari abin da ya auku ga mutanen wani tsibiri a ƙasar Kanada, sa'an nan ku yi hukunci da kanku.

Sunan tsibirin Niyufanlan, yana gabashin Kanada, cikin Tekun Atlantika. Kusa da shi akwai wani faffaɗan tudu a ƙarƙashin ruwa, inda ruwan sanyi daga arewa yake haɗuwa da ruwan ɗumi daga kudu. Wannan haɗuwa tana kawo abincin kifi mai yawa, don haka wurin ya cika da wani kifi da ake kira kod. Kun ma san danginsa, domin busasshen kifin nan mai tauri kamar itace da ake shigowa da shi kasuwanninmu daga ƙasar Nowe, akasarinsa kod ne.

A shekarar 1497 wani matuƙin jirgin ruwa mai suna Jon Kabot ya taso daga Ingila ya isa wannan yanki. Da suka koma gida, mutanensa suka ba da labari cewa saboda yawan kifin, kwando kawai za ka zura a ruwa ka ɗebo shi. Tun daga lokacin masunta daga Ingila da Faransa da Sifen da Fotugal suka riƙa zuwa duk shekara. Aka shafe fiye da shekara 400 ana kamu da ƙugiya da ƙananan jirage, kifi bai ƙare ba. A farkon ƙarni na 20 abin da ake kamawa a shekara yana tsakanin tan 200,000 da 300,000.

Me ya sa bai ƙare ba? Ga misali, ya kai ɗalibi. Manomi idan ya girbe geronsa yakan ware iri ya ajiye, ya ci sauran. Muddin iri yana rumbu, baɗi akwai girbi. Ranar da ya cinye irin, ya ƙoshi bana, amma gonarsa ta mutu. Manyan kifaye masu ƙwai su ne irin teku. Macen kod takan yi kamar shekara 5 zuwa 7 kafin ta fara ƙwai, kuma babba guda ɗaya tana iya zuba ƙwai miliyoyi. Masuntan dauri ba su da ƙarfin da za su kai ga iri, rarar kawai suke ɗiba.

Daga shekarun 1950 sai al'amari ya sake. Aka ƙera manya-manyan jirage masu jan taru a ƙasan teku, a feɗe kifin a daskarar da shi duk a cikin jirgi, ana aiki dare da rana, har cikin hunturu. Ga kuma na'ura mai nuna wa matuƙi inda garken kifi yake. Jiragen Tarayyar Sobiyat da na ƙasashen Turai suka yi wa wurin ca. A shekarar 1968 kaɗai, abin da aka kama ya haura tan 800,000. Daga nan kamu ya soma raguwa, domin an fara cin iri.

A 1977 Kanada ta faɗaɗa ikonta zuwa mil 200 daga gaɓar teku, ta rage wa jiragen waje shiga. Nan ne damar gyara ta samu, amma sai kamfanonin ƙasar suka ƙera nasu manyan jiragen suka maye gurbin baƙi. A shekarun 1980 masu ƙananan jirage na bakin gaɓa suka yi ta kuka cewa kifin da suke samu ya ragu, kuma ƙanana ne. Ba a ba maganarsu nauyi ba, saboda manyan jirage suna dawowa a cike. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, kod yana tafiya ne garke-garke. Ko ya ragu, ragowar takan taru wuri ɗaya, na'ura ta gano su, taru ya kwashe. Wato cikar jirgi ba ta nuna cikar teku. Ga shi kuma mahukunta suna tsoron rage kamu kada mutane su rasa aiki.

Ranar 2 ga Yuli, 1992, ministan kamun kifi na Kanada, Jon Kurosbi, ya ba da sanarwar rufe kamun wannan kifi. A lokacin manyan kifaye masu ƙwai sun koma kimanin kashi 1 cikin 100 na yawansu na da. Fiye da mutum 30,000 suka rasa sana'a, masunta da ma'aikatan masana'antun sarrafa kifi. Matasa suka bar garuruwan iyayensu suka tafi neman abinci wasu jihohi, har yawan mutanen lardin ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100 a cikin shekara 10. An ce rufewar ta shekara 2 ce. Sai a 2024, bayan shekara 32, aka sake buɗe kamun kasuwanci, shi ma da tan 18,000 kawai a wannan shekarar. Ku gwada wannan adadi da na 1968. Hausawa suka ce kwaɗayi mabuɗin wahala.

Daga irin wannan hasara ne ake gane hikimar ƙa'idojin kamun kifi. Manyansu huɗu ne:

1. A ƙayyade yawan abin da za a kama a shekara, kada ya wuce abin da kifin zai iya mayarwa.
2. A hana raga mai ƙananan idanu, domin 'ya'yan kifi su wuce su girma.
3. A rufe ruwa lokacin da kifi yake ƙwai.
4. A hana guba da nakiya, domin suna kashe babba da ƙarami.

Ba Turawa kaɗai suka san wannan ba. A Argungu, an daɗe ana hana su a gulbin Matan Fada sai lokacin biki, ƙarƙashin kulawar Sarkin Ruwa, shi ya sa masu koma da gora suke fito da manyan kifaye a ranar. Kuma dokar Nijeriya ta 1992 a kan kamun kifi a koguna da tafkuna ta haramta guba da nakiya. Duk da haka akwai masu zuba maganin ƙwari a ruwa, da masu jan gidan sauro suna kwashe 'ya'yan kifi. Ya ku iyaye masu wannan sana'a, ruwa amana ne a hannunku, akwai haƙƙin maƙwabci a cikinsa, akwai na jikokin da ba a haifa ba tukuna. Ku kuma yara, in kun je rafi da fatsa kuka kama ɗan ƙaramin kifi, ku mayar da shi ruwa.

Tambayoyi:

1. Me ya sa kifin bai ƙare ba a cikin shekara 400 na farko?
2. Yaya aka yi jirage suke dawowa a cike alhali kifi yana ƙarewa?
3. Shekara nawa aka yi tsakanin rufe kamu da sake buɗe shi?
4. Ka tambayi wani dattijo a garinku irin kifin da ake samu a rafinku lokacin ƙuruciyarsa, ka rubuto mana abin da ya faɗa maka.

A kawo amsoshin ga malaman ajinku kafin fitowa ta gaba. Wassalam.