BABI NA TARA: ƊAUKAR HOTON FURE DAGA KUSA DA HANYAR KOYAR DA ITA

9.1 Gabatarwa

Wannan babi zai yi bayani ne a kan ɗaukar hoton fure daga kusa, da yadda malami zai koyar da ita. Dangantakar wannan fanni da darasin Hausa a fili take, domin ɗalibin da bai iya lura da abu ba, ba zai iya rubutun siffantawa ba.

9.2 Misalin Karl Blossfeldt

Karl Blossfeldt (1865 zuwa 1932) Bajamushe ne da ya fara koyon sana'a a masana'antar zubin ƙarfe. Daga shekarar 1898 zuwa 1930 ya koyar a wata makarantar fasaha da ke Berlin, inda aikinsa shi ne nuna wa ɗalibai yadda ake ƙera siffa ta hanyar kwaikwayon tsirrai. Matsalarsa ita ce fure kan yi yaushi tun darasi bai yi nisa ba, kuma sassansa sun yi ƙanƙanta ainun. Saboda haka sai ya haɗa kyamara da hannunsa, wadda kan girmama abu har ninki 30. Yakan tsinko tsiro a bakin hanya, ya rage masa ganyaye, ya kafa shi a gaban fili marar ado, sannan ya ɗauka.

Abin lura a nan shi ne, kayan koyarwa ya nufa da hotunan. Sai a 1928, yana da shekara 63, aka buga 120 daga cikinsu a littafin Urformen der Kunst, wato tushen siffofin fasaha, duniya ta san shi.

9.3 Abin da Kusanci ke Haifarwa

Duk lokacin da kyamara ta matso kusa da abu, yankin da ke fitowa tangaran a hoto yakan ragu. Idan mutum ne a tsakar gida, shi da bangon da ke bayansa duk za su fito. Idan kuwa fure ne a tazarar taƙi guda, wannan yanki ba ya wuce 'yan milimita. In tsakiyar furen ta fito sarai, sai gefensa ya dushe. Akan faɗaɗa yankin ta hanyar tsuke ƙofar haske zuwa f/11 ko f/16, amma hasken da ke shiga zai ragu, dole kyamara ta daɗe a buɗe. A wannan hali, rawar hannu ko 'yar iska kaɗan ta isa ta ɓata hoto. Ke nan mai ɗauka ba zai sami komai da komai ba, tilas ya zaɓi sashe guda. A ganina wannan zaɓi shi ne zuciyar darasin.

Game da haske, na safiya ko na ranar da hadari ya rufe ya fi na tsakar rana, wanda kan haifar da inuwa mai kauri. Farar takarda a gefen fure takan mayar da haske inda ya yi duhu.

9.4 Hanyar Koyarwa

Kada malami ya fara da bayanin maɓallai. Ya fara kai ɗalibai lambun makaranta da safe, wayoyi na aljihu. Furen kuɓewa ya dace ƙwarai: rawaya ne mai jan ciki, kuma kwana ɗaya kawai yake yi a buɗe. Kowane ɗalibi ya dube shi na minti biyar, ya faɗa da baki sashen da yake son nunawa da dalilinsa. A nan ne za a ga inda kalmomi suka gaza, domin da yawa ba za su wuce "yana da kyau" ba. Malami ya ƙi karɓar wannan amsa, ya nemi launi da siffa da adadi.

Bayan haka sai a ɗauka, biyu-biyu, ɗaya na riƙe da waya, ɗaya na tare iska da kwali. Wajen duba hotuna, malami ya guji ƙwace waya ya gyara da kansa. Ya tambayi ɗalibi ina ido ke fara sauka, kuma ko nan ne ya nufa.

Aikin Yi

Ɗauki hoton furen auduga ranar da ya buɗe, ka sake ɗaukarsa washegari. Rubuta sakin layi ɗaya a kan canjin launin da ka gani, ba tare da amfani da kalmar "kyau" ba.