Yadda ake maganin cin ruwa: na shafawa ko na haɗiya?

Duk damina sai masu cin ruwa sun yi mini yawa a kemis. Tsakanin yatsun ƙafa ya yi fari fat, ya daddare, ga ƙaiƙayi mai hana sukuni. Kusan kowa buƙatarsa ɗaya: "Malam, a ba ni na haɗiya, shi ne mai ƙarfi." Ba haka ba ne. Ƙwayar fungas ce ke jawo cutar, a saman fata take zaune, kuma man shafawa yana cim mata har inda take.

Ga matakan maganin. Na farko, wanke ƙafar da sabulu.

Na biyu, tsane ta. Nan ne aikin yake, nan kuma ake faɗuwa. Ni kaina na yi wata uku ina shafa mai a banza, don ina idar da alwala nake zura safa da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ware ƙyalle guda na ƙafa kaɗai, ka bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, musamman lungun ɗan ƙaramin yatsa, har sai ka taɓa ka ji babu danshi. Sau biyar a yini, kowace alwala. Kada wani ya yi amfani da ƙyallen nan, domin cutar tana yaɗuwa.

Na uku, shafa mai safe da dare, ka ɗan zarce gefen wurin. Ni terbinafine na fi so, wato Lamisil da ire-irensa, mako ɗaya zuwa biyu yakan wadatar. Clotrimazole ya fi araha, amma sai ka yi mako huɗu. Ƙaiƙayi zai lafa cikin 'yan kwanaki, kada ka daina. Mai dainawa a nan shi ke dawowa wata mai zuwa.

Don Allah ka guji mayukan nan masu haɗi uku. Duba kwali: in ka ga betamethasone ko clobetasol, ajiye shi. Suna kwantar da ƙaiƙayi, fungas kuwa yana ta bunƙasa a ɓoye.

Na huɗu, canza safa kullum, ka riƙa shanya takalmi a rana.

To yaushe ake komawa na haɗiya? In tafin ƙafa gaba ɗaya ya yi kauri yana saɓa, ko farce ya kamu ya yi rawaya, ko ka cika mako huɗu kana shafawa yadda ya kamata babu sauƙi. A nan likita kan rubuta terbinafine mai miligiram 250, ɗaya a rana. Na farcen ƙafa yakan kai wata uku. Ta hanta maganin ke bi, don haka mai ciwon hanta da mai juna biyu kada su sha da ka. Ketoconazole na haɗiya kuwa, tun 2013 Tarayyar Turai ta dakatar da shi a kan cututtukan fungas saboda illarsa ga hanta.

In kana da ciwon suga, ko ƙafar ta kumbura tana ruwa, bar kemis, nufi asibiti yau.