Awon jini don gane masassara

Arlit gari ne na hamada, kilomita wajen 240 arewa da Agadas. Tun da aka soma haƙar yuraniyom a shekarar 1971, mutane ke zuwa daga Tawa, Maraɗi da Damagaram neman aiki. Makiyaya kuma suna kawo awaki da nono kasuwa. Kowa da irin masassarar da zai iya zuwa da ita.

Ba kowace masassara ce ta cizon sauro ba. Akwai tifoyid, mai shiga ciki ta ruwa ko abinci mai ƙazanta. Akwai wadda ake ɗauka daga ɗanyen nono. Duka suna kawo zafin jiki da ciwon kai. Ido ba ya rarrabe su.

In ƙwayar cuta ta shiga jiki, jini yana ƙera mata garkuwa. Kowace cuta da tata garkuwar. Likita yakan ɗebi jini kaɗan ya nemi wannan garkuwa. Kamar mai bin sawu ne a rairayi: bai ga raƙumi ba, amma ya san raƙumi ya wuce. Wani likitan Faransa mai suna Widal ya fito da irin wannan awo na tifoyid a 1896, har gobe ana kiran awon da sunansa.

Amma sawu yana da wuyar karatu. Garkuwa ba ta fitowa sai bayan kamar mako guda. Wanda aka auna rana ta biyu, ana iya cewa babu kome, alhali cuta tana nan. Wani kuma ya warke tun bara, garkuwar ba ta gushe ba, sai awo ya nuna ta. Shi ya sa likita kan ce a dawo bayan mako biyu. In garkuwa ta ƙaru ƙwarai, cutar sabuwa ce. Da yawa ba sa komawa, sai su tafi kasuwa su sayi ƙwayoyi. Wannan asarar kuɗi ce, wani lokaci har da rai.

A 2016 wata masassara ta faɗa wa makiyaya a Cintabaradan da Tasara, cikin jihar Tawa. Dabbobi suna ɓari, mutane suna zubar da jini. Fiye da mutum 30 suka rasu. Sai da aka aika jini Dakar, ƙasar Senegal, aka gane cutar Kwarin Rift ce, mai kama mutum ta jinin dabba maras lafiya ko cizon sauro.

Awon cizon sauro dabam yake. Shi alamar ƙwayar kanta yake nema, cikin minti 15 zuwa 20 an gama. Da shi akan fara. In bai nuna kome ba, mai ciwo ya gaya wa likita kwana nawa yake kwance, ina ya fito, ko ya sha ɗanyen nono, ko ya feɗe dabba.