Bututun Roba Zai Iya Ɗaukar Iskar Kwamfuresa?

Wani matashi daga birnin Tawa ya aiko da tambaya. Ya ce ya buɗe ɗan gareji a ƙofar gidansu, yana faci da gyaran babura, wani lokaci har fentin mota. Ya sayi kwamfuresa, injin nan mai matsa iska ya tara ta a tanki, amma ya gaji da jan dogon tiyo a ƙasa, babura na taka shi. Yana so ya bi bango da bututu, ya fitar da baki uku. Bututun ƙarfe ya yi masa tsada, ga kuma bututun ruwa na PVC birjik a kasuwa, an rubuta PN10 a jikinsa, alhali injinsa ba ya wuce bar 8. Shin zai iya sa shi?

Ɗana, Allah ya yi wa sana'a albarka. Lissafinka na mai hankali ne, domin goma ta fi takwas. Amma amsar ita ce a'a, kada ka sa PVC. Akwai robar da ta dace da wannan aiki, za mu zo kanta, sai dai bari ka fara jin dalili.

Bar shi ne ma'aunin ƙarfin matsi, wanda allurar agogon tankinka ke nunawa. Lambar PN10 kuwa tana nufin bututun zai jure bar 10 na ruwa, a sanyin digiri 20. Ruwa da iska ba halinsu ɗaya ba. Ruwa ba ya matsuwa: in bututun ruwa ya tsage, sai ya yi tsartuwa, ƙarfin ya faɗi nan take, ka jiƙe kawai. Iska kuwa tana matsuwa ƙwarai. A bar 8, iskar da za ta cika jarka tara ce aka cusa a wurin jarka ɗaya, tana nan kamar ɗanannen baka, tana jiran a sake ta. PVC roba ce mai tauri wadda ba ta lanƙwasa. In ta gaza, ba ta tsagewa a hankali, tarwatsewa take yi, tsinin gutsattsarinta su watsu ko'ina cikin shago, daidai tsayin fuska da ido. Tun a 1988 hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta fitar da gargaɗi a kan haka, kuma masu ƙera bututun da kansu suna hana a sa masa iska.

Za ka ce ai ka ga wani ya sa, shekara da shekaru bai fashe ba. Gaskiya ne, ana gani. Abin da ke damuna shi ne ba ya ba da sanarwa. Sifana ta faɗo a kansa, ko yaron shago ya jingina ƙarfe da shi, shi ke nan.

A ƙasar Adar, inda Tawa take, akwai kuma ƙarin dalili, wato zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yana wuce digiri 40 a inuwa, ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa. Ƙarfin PVC yana raguwa da zafi. A digiri 45 ya rasa sulusin ƙarfinsa ko fiye, a digiri 60 kimanin kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ya rage masa. Ke nan PN10 ɗinka a tsakiyar bazara ya riga ya sauka ƙasa da bar 8. Ƙara da hasken rana, wanda ke busar da shi ya sa shi saurin karyewa, da man kwamfuresa da ke biyo iska yana cin robar da gam ɗin mahaɗa daga ciki. Duka ukun suna nan a garejinka.

To wace roba ce ta dace? Ka leƙa wurin masu gyaran manyan motocin da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit, ka dubi ƙarƙashin tirela. Siraran tiyo baƙaƙe da ke kai iska ga birki na nailan ne, an yi su domin iska mai ƙarfi, suna jure mai da zafi da jijjiga. Irinsu suna da kyau ga gajerun rassa. Domin babban layi kuwa, nemi baƙin bututun nan mai naɗuwa da ake kira PE, wanda aka rubuta PE100 da PN16 a jikinsa. Shi ma zafi yana rage masa ƙarfi, a digiri 40 yana komawa kimanin bar 12, shi ya sa na ce 16 ban ce 10 ba. Bambancinsa da PVC shi ne yana da danƙo: in ya gaza sai ya kumbura ya tsage, ya yi huci, ba ya harbi. Akwai kuma mai hawa uku, roba ciki, alminiyam a tsakiya, roba waje, wanda ke tsayawa yadda ka lanƙwasa shi. Wannan ka tabbata mai ƙera shi ya rubuta cewa ya dace da iska, domin wasu na ruwa ne kaɗai. Kada maganar baki ta mai shago ta ishe ka, karanta jikin bututun. Mahaɗai kuma su zama na ɗauri ko na tagulla waɗanda aka yi domin wannan bututu, ban da gam, ban da ɗaure tiyo da waya ko igiyar roba.

Faɗin bututu ma abin lura ne. Hura taya ba ya cin iska sosai, amma bindigar kwance noti da ta fenti suna sha da yawa. In ramin ya yi ƙanƙanta, agogo zai nuna bar 8 amma bindiga ta yi sanyi a hannunka. Ga ƙaramin gareji, babban layi mai ramin milimita 15 zuwa 20 ya isa.

Wajen shimfiɗawa, kada roba ta fara daga bakin injin. Iskar da ke fita daga kan kwamfuresa tana wuce digiri 100, kuma in injin ya daɗe yana aiki tankin ma yana ɗaukar zafi. Fara da ɗan gajeren tiyo mai ƙarfi wanda zai shanye jijjiga, sai famfon rufewa, sai bututun ƙarfe na mita uku ko huɗu inda iskar za ta huce, daga nan roba ta karɓa. Nisanta layin daga kwano, daga rana, da kusurwar da ake walda. Kafa shi a bango kowane rabin mita zuwa mita ɗaya, amma kada ka matse shi tamau, don roba tana miƙewa da rana ta janye da dare.

Sai maganar ruwa, wadda mutanenmu ke rainawa saboda ƙasarmu busasshiya ce. Iskar da aka matsa tana zubar da raɓarta in ta huce. A lokacin hunturu kaɗan ce, amma daga Yuli zuwa Satumba za ka sha mamakin abin da zai fito daga gindin tanki. Wannan ruwa shi ke ɓata fenti, ya sa bindiga tsatsa, ya ci tankin daga ciki. Don haka karkata layin kaɗan, kamar santimita ɗaya a kowace mita, ya gangara zuwa ƙarshe inda za ka sa famfon tsiyayewa. Kowane reshe ya fita ta saman babban layi sannan ya lanƙwaso ƙasa, don ruwan da ke kwance a ƙasan bututu kada ya bi shi. A bakin fenti sa matata da abin daidaita ƙarfi. Yawancin bindigogin noti bar 6 da ɗoriya suke so, ta fenti ƙasa da haka. Buɗe famfon gindin tanki kullum kafin ka tashi. In ƙurar hunturu ta taso kuma, matatar da injin ke shaƙar iska ta cikinta ita ce abin dubawa kowane mako.

Ranar gwaji, fitar da yara daga shagon, ka sa gilashin kare ido. Ɗaga iskar zuwa bar 2, ka shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa. Inda ka ga kumfa na tashi, saki iskar gaba ɗaya kafin ka taɓa wurin. In babu, ƙara zuwa 4, zuwa 6, har 8. Sannan kashe injin, ka lura da inda allura ta tsaya, ka dawo da safe. Sanyin dare zai sa ta ɗan sauka, wannan ba komai. In ka tarar ta faɗi da bar ɗaya ko fiye, akwai yoyo, kuma kowane yoyo ƙarin kuɗin wutar NIGELEC ne ko man janareta, sai ka sake bin mahaɗan da sabulu ɗaya bayan ɗaya.